Babban Yatsan Sukhram

Ƙarfe goma da kwata injin yanka ya tsaya cak. Duk wanda ya shekara a masana'antun Faridabad na ƙasar Indiya ya san abin da ke tsayar da inji da hantsi alhali akwai wuta.

Sukhram ne. Wuƙar da ke saran fallen ƙarfe ta sauko bai gama janye hannun hagu ba, ta ɗauke babban yatsa tun daga gindi. Shingen da ke kare hannu kuwa an kwance shi tun bara, wai yana rage sauri. Aka naɗe hannun da tawul, mutum biyu suka cusa shi a adaidaita, sai asibiti. Yatsan ya faɗa bayan inji, cikin tulin guntayen ƙarfe.

Baijnath, shugaban ma'aikata, yayan matar Sukhram ne. Shi ya ɗauko shi daga ƙauyensu na Bihar shekara shida da suka wuce, shi ya tsayar da shi a gaban wannan inji. Mai masana'anta ya ja Baijnath gefe, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Baijnath ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya dawo ya durƙusa ya fara tonon tulin da hannu, ko safar hannu bai sa ba.

"Bar wahalar da kanka, shugaba," in ji tsoho Mangal mai walda. "Yatsuna uku a nan suka kwana, ɓeraye suka yi biki. Ga ni nan ina cin gurasata ta roti."

"Rufe min baki, haska min nan."

Wayar Baijnath ta yi ƙara. Fulmati ce, ƙanwarsa matar Sukhram, daga asibiti.

"Yaya, likita ya ce yankan ya fita tsaf. In aka kawo shi da wuri cikin sanyi, zai iya mayar da shi. Yaya, ina roƙonka."

"Ina nema," ya ce, ya kashe.

Wanda ya rasa ƙaramin yatsa ko na tsakiya yakan dawo inji bayan wata biyu. Rabin masana'antar nan haka suke. Babban yatsa daban ne. Da shi Sukhram yake damƙar ƙarfe, da shi yake murza taba a tafin hannu, da shi yake dangwale tunda bai yi makaranta ba. Dangwalen ma sai ya kai takarda gida 'yarsa ta karanta masa tukuna, ana yi masa dariyar taurin kai. In yatsan nan bai koma ba, ba mai sake ɗaukarsa aiki, ga baki huɗu suna jiransa a ɗaki ɗaya.

Minti arba'in Baijnath yana tono. Guntayen ƙarfe suka tsattsaga masa hannu, bai tsaya ba. Can ya zaro yatsan, ya yi fari fat, ya sha baƙin mai. Ya sa gefen rigarsa ya goge shi a hankali, ya sake gogewa, har zanen fatar ya fito sarai. Mangal, da bakinsa ba ya hutawa, ya share ido da guntun hannunsa.

"Cikin leda, sannan cikin ƙanƙara," in ji shi. "Kada ya taɓa ruwa."

"Akwai ƙanƙara a firjin ofis."

Baijnath ya shiga ofis da yatsan ya turo ƙofa. Ma'aikata suka yi cirko-cirko. Minti goma, minti ashirin. Ana jin wayarsa tana kuka ta cikin ƙofa, ba a ɗauka. Mangal ya ce hala sai an haɗa ƙanƙarar daga farko, amma ba wanda ya yi dariya.

Baijnath ya fito bayan rabin awa, rungume da kwanon abincinsa na rana, yatsan na ciki, rigarsa sharkaf da gumi. A bakin kwata ya tsaya ya yi amai. Sannan ya hau babur, kuma duk wanda ya gan shi a hanya ranar zai shaida cewa gudun mahaukaci ya yi, yana kutsawa tsakanin manyan motoci yana zagi.

Fulmati ta tare shi a barandar asibiti ta sunkuya za ta taɓa ƙafarsa don girmamawa. Ya ja baya da sauri kamar wanda ya taka garwashi. A kan gado Sukhram ya ɗago kai da ƙyar, leɓensa a bushe.

"Suruki, ka samo shi? Na ce mata ai. Na ce Baijnath ba zai bar ni a haka ba."

Baijnath ya miƙa kwanon.

Likita ta buɗe leda, ta juya yatsan, ta duba agogo. Ta ce ya daɗe a zafi kafin a sa shi a sanyi. Za ta gwada, amma ba ta yi alkawari ba. Fulmati ta dafe bango, tsoro ya hana ta ko kuka. Ma'aikaciyar jinya ta jiƙa auduga ta fara tsabtace shi. Ta dubi audugar, ta ɗauki wata, ita ma ta fito shuɗiya.

"Wannan tawadar kuma daga ina?" ta tambaya.

A can ofis, a kan teburin mai masana'anta, fanka tana kaɗa gefen wata takarda mai cewa Sukhram ya ajiye aiki don kansa tun Asabar ɗin da ta wuce, kuma ba ya da wani haƙƙi a kan kowa. A ƙasanta ga dangwalensa ya fito raɗau.