Bindigar Lindsay Ta Ƙi Yin Shiru

Karo na biyu ke nan Lindsay Pocock yake ɗora bindigar iska a kan kantar Wal, yana cewa a ba shi wadda ta fi ta shiru.

Wal, mai shagon kayan farauta na garinmu, ya dubi bindigar, ya dubi Lindsay. Ya ce in aka ƙara rage ƙarar wannan, sai dai ya koma jifan gwangwani da tsakuwa. Lindsay ko murmushi bai yi ba. Mutumin da aka yanke wa gasasshen ragon Lahadi ba ya ganin abin dariya.

Tun da matarsa ta rasu, abu biyu ne ke riƙe da Lindsay. Na farko harbin gwangwanayen giya da yake jerawa a kan kututture a bayan gidansa, inda filinsa ya haɗe da daji. Na biyu Noelene, maƙwabciyarsa, wadda ita ma mijinta ya rasu. Duk Lahadi takan gasa cinyar rago da dankali ta kira shi. Ya daɗe yana son faɗa mata abin da ke ransa, amma da ta ɗago kai ta dube shi sai ya ce ta miƙo gishiri. Bakinsa ba ya buɗewa sai yana shi kaɗai, kunci a jikin bindiga.

Bindigar farko mai sifirin ce, in ta tashi sai ka ce an karya busasshen katako. Noelene ta leƙo ta kan shinge ta ce ƙarar tana sa mata ciwon kai, kajinta ma sun rage ƙwai. Washegari Lindsay ya je ya musanya ta da mai ƙaramin tulun gas, ya dawo yana jin ya yi abin kirki.

Noelene ta ce babu abin da ya canja. Ƙarar tana nan yadda take, har ma yanzu ya tsiro da harbi da sassafe. Lindsay ya rantse bai taɓa ɗaukar bindiga kafin ya sha shayi ba. Ta ce to ita ba mahaukaciya ba ce. A wannan makon kuma ta ɗora wa karensa laifin tone mata fangalin latas, alhali tsufa ya sa karen nan da ƙyar yake sauka daga baranda.

Lahadi ta zo. Ƙamshin rago ya tsallako shinge, amma kira bai biyo shi ba. Lindsay ya ci wake na gwangwani a tsaye, abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Shi ya sa yau ya dawo wurin Wal. Ya tambayi abin toshe ƙara, Wal ya ce doka ta hana, in yana son lasisinsa ya daina ma ambata. Sannan ya shiga ciki ya fito da wata 'yar siririya da ake buga wa iska da famfo kamar tayar keke.

"Tsoho, wannan ko zomo ka harba, juyowa zai yi ya tambaye ka ko lafiya," in ji Wal.

Suka gwada ta a bayan shago. Ƙararta ba ta kai ta buɗe kwalbar lemo ba. Lindsay ya rungume ta ya tafi gida, ya yi harbinsa da yamma, shi kansa da ƙyar yake ji.

Da safe ya buɗe ƙofa ya tarar da Noelene a tsaye, da rigar barci da takalman roba na lambu.

"Lindsay Pocock, ba ƙarar ce ta dame ni yanzu ba, ƙaryar ce," ta ce. "Yau ma da sassafe na ji harbinka. Na zauna da maƙaryaci ɗaya har na binne shi. Ba zan ciyar da na biyu ba."

Maganar ta shige shi. Ya ɗauko bindigar, ya roƙe ta ta shiga mota, a gabanta ya mayar wa Wal, ya ce a ajiye. A hanyar dawowa ya ce gobe da sassafe zai zo barandarta ya zauna hannu rabbana, ta gani da idonta. Ta ce ya zo, amma kada ya sa ran ko biskit.

Gari na wayewa ya iso da filas ɗin shayi. Suka zauna, kowa na kallon wani wuri daban. Hazo bai gama tashi daga kan itatuwa ba. Ba a ji harbi ko ɗaya ba, har Noelene ta fara cewa ai ga shi nan, da mai harbin ya zauna harbi ya tsaya.

Fas!

Ƙarar bindigar farko ce sak, mai sifirin, wadda ta daɗe da komawa shago. Noelene ta dubi hannuwan Lindsay, duka biyun suna riƙe da kofi. Suka miƙe, suka bi gefen shinge a sanɗa, shi a gaba, ita ta riƙe masa bayan riga.

A tsakiyar fangalin latas, tsuntsun dajin nan ne mai doguwar wutsiya da muke kira lyrebird, wanda duk abin da kunnensa ya ji sai bakinsa ya maimaita. Yana ta tonon ƙasa abinsa. Ya ɗaga kai, ya saki wani fas, ya biyo da ƙarar faɗuwar gwangwani, sannan ya yi gyaran murya, ya ce da muryar Lindsay tsaf, "Noelene, ki aure ni mana."