Cigiyar Iya Marka

Sau uku janareta yana mutuwa kafin Malam Sambo ya kai ƙarshen sanarwar. Ko tsaki bai ja ba, tsakin ma ya gaji da shi. Ya jira aka sake tayar da injin, ya matso da baki kusa da makirfo, ya faro daga farko.

"Ana cigiyar Labbo, ɗan Iya Marka ta bakin gulbi, nan Gummi. Dogo ne, baƙi, da tabon ƙuna a kafaɗar dama. Innarka ta ce ka dawo gida. Ƙaninka da ruwa ya ci a hannunka, kwanansa ne ya ƙare, ba ta riƙe ka da komai ba."

Shekara shida ke nan yana karanta wannan kowace Juma'a, tun da gwamnati ta buɗe 'yar tashar Muryar Gulbi. Cigiya kyauta ce a gidan, ko ta akuya ce ko ta mutum, tunda gwamnati ke zuba man injin. Shi kuwa Labbo, shekara ashirin da biyu da barinsa gari, washegarin jana'izar ƙaninsa. Iya Marka idonta ya tafi, amma ba ta fashi. Da sanda take lalubowa, ta zauna a dakalin tashar, ta ji an faɗa, ta tashi ta koma.

To, yanzu ga shi ana so a rufe tashar.

Wata uku ana ta kai ruwa rana a majalisa. Wani ya ce man da injin ke sha ya isa a haƙa rijiyoyi. Wani ya ce tashar ba ta da aiki sai wasa jam'iyya mai mulki. Wakilin Bukkuyum ya miƙe har hularsa tana faɗuwa, ya ce mutanensa na Adabka a nan suke jin labarin taki da rigakafi. Da bakin kowa ya gaji, sai aka naɗa kwamiti, aka ɗora wa wani darakta daga ma'aikata, Alhaji Abdulrahman, alhakin rubuta rahoto. An ce a Kaduna ya yi aiki kafin a ƙirƙiro jiha. Shi ya dage a yi zaman a Anka, wai hanyar Gummi ba ta yi masa.

Malam Sambo ba shi da takardun shaida, ba shi da uban gida. Abin da yake da shi Iya Marka ce. Ya sa ta a gaban motar haya, suka sha gargada har Anka.

Da aka shigo da ita ɗakin zaman kwamiti, darakta yana cikin magana. Sai ya yanke, ya sunkuya kan takardunsa, ya yi wa sakatare nuni da biro ya ci gaba.

"Ni ban san siyasa ba," in ji Iya Marka. "Wanga akwati shi kaɗai ad da ƙafar zuwa inda ban iya zuwa. In kun kashe shi, wa za ya kira mini ɗana? Ku bar shi dai har in mutu. Ai ban daɗewa."

Darakta bai ɗago ba, sai murza kafaɗa yake yi kamar mai ciwon sanyi. Sai da aka fita da ita ƙarƙashin bishiyar darbejiya, aka turo ƙofa, sannan bakinsa ya buɗe.

"Ranka ya daɗe shugaba, wannan ita ce hujjata. Dogo, baƙi, ka dawo gida, ba ta riƙe ka da komai ba. Shekara shida ana maimaita abu guda! In da ana sauraron tashar nan, da mutumin ya ji. Ba a ji. Wahalar da tsohuwa kawai ake yi, a ƙyale ta ta huta, a ƙyale kowa ya huta."

Malam Sambo ya ji maganar har cikin ƙashinsa, don shi ma ya sha raya haka a ransa. Aka ɗaga hannu, biyar da uku. Ƙarshen wata za a kashe injin.

Bai yi fushi ba, wallahi gajiya ce kawai ta lulluɓe shi. Ya tsaya a baranda yana tunanin yadda zai faɗa wa tsohuwar. Tana can zaune ta rungume sandarta, fuskarta wajen ƙofa, tana jiran albishir.

Motar darakta ta taso, ta zo daidai shi ta tsaya. Da gilashi ya sauka, Sambo ya ji shashshakar Muryar Gulbi tana fita daga rediyon motar, ƙasa-ƙasa. Darakta ya yi saurin kashewa. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, kuma ba Sambo yake kallo ba, gindin darbejiya yake kallo.

"Malam Sambo, Juma'a nawa ta rage maka?"

"Biyu, ranka ya daɗe."

Darakta ya juyo da kallonsa ga Sambo. Da ya yi magana, muryar Kaduna ta gudu, ta bakin gulbi ce ta fito.

"To, ka gyara kafin ka rufe. Shekara shida ina jin kana cewa kafaɗar dama. Inna ta mance. A hagu tabon yake."