Furfurar Sulallan Baba

Dillalin tsofaffin kuɗi ya ɗora sule na uku a kan farin ƙyalle, ya kara gilashinsa mai ƙara girman abu. Can sai ya turo akwatin gaban Yaya.

"Hajiya, wa ya wanke su?"

Yaya ta leƙa. Tsofaffin sulallan da Baba ya kwashe rayuwarsa yana tarawa suna ta walƙiya kamar yau aka buga su. Ta cikin gilashin kuwa, fuskar kowanne duk ta karce.

"Baƙin nan da aka kankare shi muke saye," in ji dillalin. "Yanzu sai dai a auna su a matsayin ƙarfe."

Ba sai an koya mata ba. Tun suna yara Baba ba ya taɓa sulallan sai da safar hannu, kuma wa'azinsa ɗaya ne: baƙin nan shi ne furfurarsu, wanda ya goge shi ya aske musu daraja. Shi da bakinsa ya ce bara, in lokacin tiyatar ƙugunsa ya yi a sayar da su, ya fi son ya taka da ƙafarsa. To ga lokacin ya yi, ga abin da ya rage.

Ba ta wahalar da kanta neman mai laifi ba. Auta, ƙanwarta, ita ke zaune da Baba tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma Auta ko inuwarta ta samu sai ta sa mata sabulu. Ga shi da safe, da Yaya ta sauka daga mota ta tarar Baba na barci, sai da Auta ta yi ta jan ƙafa kafin ta miƙo akwatin, tana cewa a bari su yi magana tukuna. Ashe abin da ta shuka ke nan. Ashe shi ya sa watannin nan duk kiran da Yaya ta yi sai a ce mata Baba ya ɗan kishingiɗa.

Da ta koma gida, a bakin famfo ta same ta. Ta zazzage akwatin a gabanta, sulalla suka gangara ƙarƙashin kujeru.

"Garin gyaran gira kin tsone mana ido! Kin gurgunta tsohon nan har ya koma ga Allah, hankalinki ya kwanta?"

"Yaya, ki zauna in..."

"Kada ki ƙara kirana Yaya. Da Inna na raye, da baƙin cikinki ne zai kashe ta."

Magana zarar bunu ce. Auta ta dube ta, idonta ya cika bai zubo ba. Ta shiga ɗaki ta haɗa kayanta a jaka ɗaya. A bakin ƙofa ta tsaya, ba tare da ta waiwayo ba.

"Maganinsa na kan firji. Kada ki bar ƙofar waje ba kulle, ko da rana ne."

Gidan ya yi tsit. Yaya ta durƙusa tana tsince sulallan tana kuka, don Allah ya sani tana son ƙanwarta, amma wannan ɓarnar ta fi ƙarfin haƙurinta. Saura babban aikin, wato gaya wa Baba. Ta juya maganar ta kowace fuska, ba ta sami inda ba ta da ƙaya ba.

Ta yi sallama ta shiga. Ɗakin na ƙamshin lemun tsami. Baba na zaune a bakin gado, ya rame fiye da yadda ta zata, hannayensa cikin bargo. A kan teburin gefensa ga buroshin haƙori har uku, duk bakinsu ya baje.

"Maraba, maraba," ya ce, da irin fara'ar da yake yi wa baƙi. "An zo lafiya?"

Ta zauna a ƙasa, ta dafa gwiwarsa. "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa maka. Sulallanka..."

Fuskarsa ta washe. Ya zaro hannu daga bargon, yatsun duk sun yi baƙi, fatarsu ta saɓule. A tafinsa ga sulen da ya fi ƙauna, wanda ko su bai taɓa bari sun riƙe ba, rabinsa na ƙyalli, rabi da sauran furfurarsa.

"Wannan kaɗai ya rage," ya ce da ita ƙasa-ƙasa. "Baiwar Allah, in kin ga babbar 'yata ki ce ta zo, na kusa gama goge mata su."