Uwar da ke Shafi na Tara

Ana gobe zauren marubuta fim na intanet zai zaɓi labarin da za a miƙa wa furodusa don wasan kwaikwayon watan azumi, wata mai suka ta sake dira a kan rubutun wani marubuci ɗan Alƙahira. Wata uku ke nan ta hana shi sakat, ba suna, sai hoton fure.

"Uwar da ke shafi na tara ƙarya ce," ta rubuta. "Duk Alƙahira babu uwa mai masifa haka."

Ransa ya ɓaci. "Malama, daga bakin mahaifiyata na kwaso maganganun nan, ko wasali ban canza ba!"

"To, ƙazafi ka yi mata. Kuma wace mace ce za ta juye soyayyar tafarnuwa a miyar lalo ba ta ja numfashi da ƙara ba, kamar wannan da ka rubuta? Ai a al'adarmu, in ba a yi haka ba, miyar ta lalace."

Ya buga da zafi: "Wai ke wace ce? Fim nawa kika taɓa rubutawa?"

Amsar ba ta waya ta zo ba. Daga kicin ta taso, tare da ƙamshin tafarnuwa:

"Ko ɗaya! Amma ni na haifi marubucin, marar kunya. Goge shafin nan ka zo ka ci abinci, kafin in iso da ludayi!"