Moɗa Ɗaya a Bakin Randa

Ka ce kwana uku ke nan kana yi wa manhajarka faci, ka toshe nan ta ɓulle can. To matso da kujerarka in ba ka misalin wata baiwar Allah, ma'aikaciyar asibitin dabbobi, wadda ta koyi rubuta manhaja da girmanta. Ita ke zaga ƙauyuka tana yi wa awaki da shanu allura, tana ɗiga wa kaji rigakafi a ido. Da hannunta ya ɗan faɗa, sai ta ce bari ta rubuta abin da zai riƙa tuna mata dabbar da aka yi wa rigakafi da wadda ba a yi wa ba. Ta yi yadda aka koya mata. Ta gina uwa guda, wato abin da masu sana'ar ke kira kilas, ta sa mata suna Dabba, ta fitar da 'ya'ya uku daga jikinta, Kaza da Akuya da Saniya, kowacce tana gadon abin da ke cikin uwar. A cikin uwar kuma ta ajiye jeri guda, inda za a riƙa zuba sunan rigakafin da aka yi. Abin ya yi mata kyau har tana nuna wa abokan aiki, tana hura hanci.

Ranar Litinin ta nemi manhajar ta fitar mata da gidajen da kajinsu ba su samu rigakafi ba, domin ranar Alhamis motar magani za ta fita, kuma ita ce fita ta ƙarshe kafin sanyi ya shigo da ciwon da ke share akurki. Manhaja ta ce ai an yi wa kowa. Ba ta yarda ba, domin ta san wata tsohuwa a ƙauyen bayan gada mai kaji arba'in da hannunta bai taɓa kaiwa kansu ba, kuma da ƙwan kajin nan tsohuwar ke ci da jikokinta. Da farko ta ɗora wa ƙirga laifi, tunda a manhaja jeri daga sifili yake farawa ba daga ɗaya ba, kuma wannan ya taɓa ba ta kunya a baya. Ta duba, lafiya lau. Ta koma kan wani ɓangare da ta aro daga intanet mai lissafin kwanan wata, ta cire shi, ta mayar, ta zage wanda ya rubuta shi tas, bawan Allah bai ci ba bai sha ba. Sai ta shiga bin 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Nan ta ga allurar da aka yi wa awaki tana fitowa a jikin kaji. Ta yi wa Kaza faci, allurar awaki ta daina bayyana a jikin kaji, amma da ta ɗiga wa kaza guda sai duk kajin ƙaramar hukuma su zama an yi musu. Haka ta cinye Talata, ta shiga Laraba, ido ya yi zuru-zuru.

Da la'asar ɗin Laraba ta biya gidan mahaifiyarta da kwamfutar a jaka. Mahaifiyar ko haruffan boko ba ta sani ba, amma mace ce da ta raini 'ya'ya bakwai, kuma duk unguwa an san ta da bin diddigin ciwo har inda ya fito. Ta ga 'yarta tana juya tuwo a kwano ba ta ci, ta matsa mata sai da ta faɗi damuwarta, uwa da 'ya'ya da abin da aka ba ɗaya ya bayyana a jikin duka. Tsohuwar ta yi murmushi ta ce, "Ke 'yar nan, kin manta shekarar da kuka yi ta tari ku bakwai? Na yi ta ɗura wa kowa magani, wannan ya warke wancan ya ɗauka. Ashe moɗa ɗaya ce a bakin randa, kowa da ita yake sha. Da na sayo wa kowa kofinsa aka huta." 'Yar ta tuna kofinta, kore, wanda aka karce da ƙusa don kada a haɗa da na ƙanwarta. Ta wanke hannu ta buɗe kwamfutar a kan tabarma, ta bar 'ya'yan ta nufi uwarsu, wato Dabba. Ga jerin nan zaune a saman Dabba, guda ɗaya tal, kowace kaza da kowace akuya a cikinsa take zubawa, daga cikinsa take ɗiba. Ta ɗauke shi ta mayar wurin da ake haifar kowace dabba, yadda kowacce za ta fito da nata jerin, sabo fil, ta kuma kwashe facin da ta yi kwana biyu tana liƙawa. Layi biyu ne gyaran duka. Da ta sake tambaya, gidaje sittin da uku suka fito, na tsohuwar bayan gada shi ne na huɗu.

Alhamis da hantsi tana durƙushe a gaban akurkin nan, tana kama kaji tana ɗiga musu ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyarta kuwa har yau in ta yi baƙi sai ta ba su labarin ranar da ta gyara kwamfuta, 'yar kuma ba ta taɓa musa mata ba, don ta san a wurin wa ta gaji bin ciwo har bakin randa. Kai ma ka ƙyale 'ya'yan nan haka, ka je ka leƙa uwarsu, abin da ka zuba mata shi suke sha. Hausawa sun riga sun faɗa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.