Likkafanin Ladidi

Tun da auduga ta daina fitowa, da farar leda ake yi wa mamaci sutura, kuma ba a ɗaukar gawa sai mai fitila na hukuma ya zo ya haska likkafanin, ya tabbatar ƙasa za ta iya cinye shi.

Malam Tanimu da kansa ya shimfiɗa na matarsa Ladidi a zaure. Ita ta saya ta adana a ƙasan akwati, ta bar wasiyya kada a kai ta gaban Ubangijinta da kaya a yamutse. Shi ya sa ya zuba garwashi a dutsen guga, ya ɗora zane, ya bi shi a hankali har ya miƙe sumul.

Mai fitila, wani matashi Sagiru, ya kunna. Maimakon hasken ya tsaya siriri, sai ya watsu a bango kamar an barbaɗa gari.

"Baba, wuta ta taɓa wannan?"

"Guga dai na yi masa, ɗana."

"Ai kun hargitsa masa jijiya. Ƙasa ba za ta ci shi ba, har tashin ƙiyama yana nan."

"To, ina laifi? Sai ya zauna mata."

"Doka ce, Baba. Ku yi haƙuri."

Sagiru ya cusa shi a jaka, ya yanko wani daga ƙunshin da ke bayan babur ɗinsa, duk a cukuikuye.

Aka ɗauki makara, Malam Tanimu na biye. Har maƙabarta bai ji salatin jama'a ba, sai ƙarar ledar, kwaras-kwaras, kamar an ƙullo cefane.