Fentin Mota da Muryar Mahaifi

Tanimu, koma ka zauna, kada ka tashi da wannan zafin. Ka ce gobe za ka sallami Sallau daga shagonka don ya cika kawo maka ƙorafin masu saye, kamar yadda ka sallami wanda ya gabace shi. Ni baffanka ne, ba zan ga kana shirin yin abin da za ka yi kuka da shi in yi shiru ba. Ga wani misali, in ka ji sai ka yi abin da ka ga dama.

An yi wani direba mai ɗaukar fasinja tsakanin garuruwa. Mahaifinsa tsoho ne mai sanyin murya, kuma ɗan bai taɓa kama hanya ba sai ya durƙusa gabansa tsohon ya yi masa addu'a. Da tsohon ya ji jiki ya fara ƙi, sai ya sa aka ɗauki addu'ar a kaset, da sunan da yake kiran ɗan tun yana goye, har da ɗan tarin da ke katse shi a tsakiya. Bayan rasuwarsa direban ba ya barin tasha sai ya saka kaset ɗin nan. Duk duniya ba shi da wani abu da ya rage na muryar ubansa sai shi.

Ana nan sai ya kai motar aka yi mata sabon fenti, ciki da waje. Ta fito tana ƙyalli, shi kuwa kai ya kumbura, ko yaro ya jingina da ita sai ya sha tsawa. Daga ranar wani siririn kuka ya shiga sifikokin, kamar na sauro a kunne. In ya taka totur kukan ya hau, in ya saki ya sauka. In waƙa ce mai ganga, ƙararta takan danne shi, amma muryar tsoho ba ta da wannan ƙarfin, sai kukan ya haye kanta.

Ya je wurin mai gyaran wayar mota. Mutumin ya leƙa ƙarƙashin rediyon, ya nuna masa wata baƙar waya da aka ɗaure da noti a jikin motar. Ya ce ta nan wuta ke komawa, dole bakin wayar ya taɓa tsuran ƙarfe, ga shi masu fenti sun shafe wurin sun ɗaure ta a kan fenti. Magani shi ne a kankare. Direban na jin kalmar kankarewa ya ɗaure fuska.

"Fentin da ko wata bai yi ba? Sifika ce ke kuka, ita za a canza."

Aka canza sifika, kuka na nan. Ya ce jabu aka sayar masa, ya je ya yi wa mai kayan tas a gaban jama'a, ya sayo wasu. Kuka na nan. Ya cire rediyon ya sa sabo, aka mayar da baƙar wayar mazauninta na dā, a kan fentin. Abin da ke ba ni haushi da mutumin nan, Tanimu, da sau ɗaya ya kashe injin ya saurara, da ya ji muryar ubansa garau, ya gane kaset ba shi da laifi. Amma shi kullum a guje yake, sai ya tayar da mota yake tuna addu'a.

Da abin zargi ya ƙare masa, sai ya juya kan kaset ɗin. Ya ce ai a kansa kukan ya fi fitowa, datti ne ya kama zaren. Ka san direba, a wurinsa babu dattin da fetur ba ya wankewa. Ya kwance kaset ɗin a kan cinyarsa, ya jiƙa tsumma da fetur, ya bi zaren yana gogewa a hankali, da ladabi ma, har ƙarshe. Ya ga tsumman ya yi ja-ja-ja, ya ji daɗi, wai datti ya fita. Bai san muryar ce yake kwashewa ba.

Ya mayar da kaset, ya tayar da mota. Babu sallamar tsoho, babu sunan yarinta, babu tarin nan. Ya taka totur, sai kukan ya tashi shi kaɗai, lafiyarsa ƙalau.

Ya koma wurin mai gyaran, ya nuna masa wayar da hannu. Aka kankare wurin da bai fi faɗin kwabo ba, a lungun da ko fasinja ba ya gani, aka ɗaure noti. Kuka ya ɗauke ɗif. Ya sake saka kaset ɗin, ya kifa kansa a kan sitiyari yana sauraron zare na juyawa, har ya kai ƙarshe. Wallahi duk sanda na tuna shi sai tausayi ya kama ni, don ba mugu ba ne, kuma yana son ubansa.

Sifika ba ta ƙirƙiri kukan ba, abin da aka ba ta ta faɗa. Sallau ma abin da masu saye suka faɗa yake kawo maka, kuma shekarunsa a shagon nan bai taɓa yi maka ƙarya ba. In ka kore shi ƙorafin na nan, sai dai ba za ka ƙara samun mai gaya maka ba. Ka je ka duba mudun da kake awo da shi, ko da dubawar za ta kankare maka fenti. Hausawa suka ce, an bar jaki ana dukan taiki.